Bangon da ke Bayan Randunan Iya

Zuwa ga 'yata Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kun sauka lafiya, ke da maigidanki da angona ɗan ƙarami, ya sa gargadar hanya ba ta wahalar da shi ba. Ki gaishe mini da Baffa Sumana da mutanen gidansa, da Gwaggonki Hajo. Babanki yana gaishe ku. Na cusa takardar a cikin kwallar daddawa ne saboda na san ki, ita za ki fara buɗewa kafin ki kwance ko tabarma.

Za ki ce me ya hana Inna ta faɗa mini da baki, duk watannin da na yi a ɗakinta ina jego? Kunya ce ta hana. Ranar da maigidanki ya zo da labarin an tura shi koyarwa a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, kuma Baffa ya ba ku ɗakin dutse, kina nan ya durƙusa a bakin ƙofata ya ce, "Inna, na tahi na gano ɗakin. Tsohon simintin duk ya ɓaɓɓake. Sabo za ni sa a shahe shi da shi, a bi da henti mai mai, shuɗi, sai ya koma awa gidajen Yamai." Na sunkuyar da kai na ce madalla, Allah ya yi albarka. To me zan ce? Suruki ya zo da murnarsa, har ya sayi siminti. Na yi wa babanki magana ya ce shi ba ya shiga sha'anin cikin ɗaki. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ga abin da ya dame ni. Yaron nan ƙirjinki ya ɗauko. Duk ranar da hadari ya haɗu, in na goya shi, ina jin wani siririn sauti yana fita tare da numfashinsa. Na san sautin nan, domin na yi shekaru ina sauraronsa a ƙirjinki, kuma a cikin ɗakin da za ki kai shi yanzu na fara jin sa. Saboda haka abin da za a shafa wa bangon nan ba maganar kwalliya ba ce a wurina.

Ke kin bar ƙauye kina ƙarama, ba lalle ki san tarihin ɗakin ba. Kakanki ne ya gina shi, mahaifin babanki. Ya ɗebo jajayen duwatsu daga gindin tsaunin da ke bayan gari, ya jera su da laka a tsakani, ba siminti ko cokali ɗaya. Kakarki Iya ta yaɓe cikinsa da jar ƙasa da hannunta. A nan aka kai ni amarya. Ni kuwa a lokacin 'yar Filinge ce da ta yi lakwal, kaina yana hayaƙi. Na dubi bangon ƙasa na ga kamar an kai ni rumbu. Wata ƙawata ta yi aure a gari, ɗakinta sumul da siminti, ni ma na tasa babanki a gaba da mita har ya sayar da rago ya kira magini. Ba wanda ya hana ni. Iya da kanta ta ɗebo wa maginin ruwa, tana ta yaba aikin. Kada ki ɗauka akwai wata tsohuwa mai hikima da ta gargaɗe ni na ƙi ji. Duk gidan babu wanda ya san abin da zai biyo baya.

Damina biyu muka yi lafiya. A ta uku sai na lura da wani farin gari yana fitowa a ƙasan bangon, daga daɓe zuwa wajen gwiwa. In na share da safe, kafin kwana biyu ya dawo. In na ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa sai ya amsa kamar ƙwarya, alhali sama da shi ƙam yake. Abin ya tsaya mini a rai. Daga ina gari yake fitowa a jikin siminti?

Awakin Iya ne suka fara ba ni amsa. Kullum da hantsi sai su jeru a bayan ɗakin suna lasar duwatsun, kuma ba ko'ina suke lasa ba, iyakarsu daidai tsayin farin garin nan na ciki. Na tsaya ina kallonsu har na gaji, sannan na koma ɗaki na durƙusa na ɗora harshena a bangon. Kanwa ce, har da ɗan gishiri-gishiri. Ina cikin haka babanki ya shigo. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Mi yas same ki, kina lasar bango awa akuya? Ko ciki gare ki?" Na ce masa bincike nake yi. Ya yi ta dariya har da riƙe ƙofa. Abin haushin shi ne ya canka daidai, cikinki ne da ni a lokacin.

Na gano kanwa ce, amma na yi wa abin mummunar fahimta. Na ce ai magini ne ya kwaɓa simintin da yashin fadama mai kanwa. Aka kira wani maginin, aka kawo yashi daga nesa, aka sake shafe ƙasan bangon, kauri ya ƙaru. Ban tambayi kaina ba: to su duwatsun waje da awaki ke lasa, wa ya shafa musu yashin fadama? Amsar tana gabana, ina wuce ta kullum in za ni rijiya. Garinmu a bakin dallol yake, tsohon kwarin kogin nan da ya ƙafe, ruwa kusa yake da ƙasa, kin san guganmu ba shi da doguwar igiya. Kanwar daga ƙasa take hawowa tare da laima, ta bi ta cikin lakar da ke tsakanin duwatsu.

Don haka, Ramatu, kafin ki yarda a taɓa bangon nan, ki nemi inda ruwan yake shigowa. Kun isa a kan gaɓa, damina ta ƙare yanzu, bango ya sha ya ƙoshi, ba abin da zai ɓoye miki. In laimar daga ƙasa ta taso, za ki ga iyakarta a kwance kamar an ja layi. In daga rufi ne, za ki ga zirin ruwa ya gangaro. Ki zagaya waje ki dubi inda indararo yake zuba, ki ga ko ƙasa ta taru a gindin bango ta fi daɓen ciki tudu. Ki tsaya ki kalli awakin Baffa ma, ba na wasa nake ba.

Bayan an sake shafen ne na ce a sa fenti mai mai, don ko garin ya so fitowa ya rasa hanya. Shuɗi na zaɓa, irin wanda maigidanki yake so, shi ya sa da ya faɗa na sunkuyar da kai. Ranar da aka gama, Iya ta bi gida-gida tana kiran ƙawayenta. "Ku taho ku ga bangon amarya, hal huskarki kina gani ciki." Suka zo suna shafawa suna salati. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗi ƙwarai, kuma ɗakin ya yi kyau.

A wannan shuɗin ɗaki aka haife ki. Da damina ta zauna sai bangon ya fara zufa. Fentin ya kumbura ƙulu-ƙulu, in na latsa da farce ruwa ya fito. Baƙaƙen ɗigo suka bayyana a kusurwa. Ɗakin ya ɗauki wari irin na wankin da aka manta a cikin baho. Ke kuma kika fara tari, da wannan siririn sautin. Kowace damina sai ya dawo, rani ya yi ki warke ki yi ɓulɓul, ruwa ya sauka ki rame. Na kai ki gidan likita aka ba ki siro, maganin tari na ruwa. Aka ba ni saiwa na jiƙa, aka ce zuma na ba ki, aka ce man shanu na shafa miki. Kowa ya ce sanyi ne yake kama ki.

Da na ji an ce sanyi, sai na yi abin da ya fi duk na baya muni, kuma da zuciya ɗaya na yi shi. Kakanki ya bar wasu 'yan tagogi biyu can sama kusa da rufi, ɗaya gabas ɗaya yamma. Na hau turmi na toshe su da tsumma don kada iska ta taɓa ki. Na rataya zannuwa a bango don su rufe baƙin ɗigon, daga baya har leda na manna. Na tura gado ya manne da bango don kada ki gangaro. Wato na ɗauke ki na kwantar a wurin da ya fi ko'ina laima, na rufe duk hanyar da laimar za ta fita, ina ganin gata nake miki. Ranar da na ɗaga zanen don in wanke, bayansa baƙi ƙirin, ga gara ta yi hanya. Na kakkaɓe na mayar da shi.

Ki buɗe tagogin nan, in har tsummana yana ciki ki zare shi ki ƙone. Kada ki rataya komai a bangon da bai bushe ba, komai muninsa, gara baƙi su gan shi haka. Gado da akwatuna ki bar musu tazara yadda hannunki zai wuce ta baya. Bangon da kike gani kullum za ki san halin da yake ciki.

Da babanki ya buɗe shagon ɗinki a Filinge muka taso, tarin ya tafi bai dawo ba. Ya zo daidai da lokacin da wata mata 'yar Sanam ta sayar mini da zuma, sai na ɗora wa zumar duk ladan. Shekara da shekaru ina yi wa matar nan talla kyauta. Duk wadda ɗanta ya yi tari a unguwarmu sai in tura ta kasuwa neman mai zumar Sanam. Ina jin har ta rasu ba ta san dalilin da cinikinta ya buɗe ba.

Sai rasuwar Iya na gane, kina makarantar kwana a lokacin. Cikin malka ne, ruwa ba ya ɗaukewa, aka ce mata su yi zaman makoki a ɗakin dutse. Wuri ya yi kaɗan, muka ce a fitar da randunan nan manya biyu da ke kusurwar arewa. Randunan Iya ne, tun kafin in zo gidan suke nan a kan gindinsu na laka, kuma duk maginan da na kira ba wanda ya ɗaga su. Kowa ya shafa iya inda hannunsa ya kai ya wuce. Da aka ɗauke su sai ga tsohon yaɓen Iya, ja, faɗinsa bai fi tabarmar salla ba, da sawun yatsunta a jere kamar bakan gizo. Ni kuma ina tashi daga inda na jingina na ji bayan zanena ya jiƙe. Na ɗora hannu ɗaya a kan shuɗin fentina, ɗaya a kan yaɓen Iya. Nawa sanyi da danshi, yana manne wa tafi. Nata a bushe, har da ɗan ɗumi. Wurin da ya yi shekaru yana maƙwabtaka da randunan ruwa shi ne kaɗai busasshe a ɗakin. Gwaggonki Hajo ta ga na daskare ta ce, "Ke, lahiya? Mi kinka gani?" Na ce ban sani ba tukuna.

Na dawo gida abin yana cin raina. Me ya sa ƙasa ta bushe, siminti ya jiƙe, alhali siminti ne ba ya shan ruwa? Wata rana ina ɗiban ruwa a tulu sai na lura da jikinsa, yadda kullum yake da ɗan raɓa amma bai taɓa yin wari ba. Akwai ragowar fentin da aka yi wa ƙofar shago. Na ɗauki wani tsohon tulu na shafe shi tas da fenti, na bari ya bushe, na cika shi da ruwa, na ajiye kusa da ɗan'uwansa. Kafin la'asar ruwan mai fenti ya yi ɗumi, na ɗayan kuwa sanyi kamar kullum. Na ba babanki ya kurɓi duka biyun. Tun daga ranar yake kirana injiniyar tulu, har gobe bai daina ba.

Abin da na fahimta shi ne, bangon dutse da laka yana shan ruwa daga ƙasa ko an so ko ba a so, kuma ta jikinsa yake fitar da shi, iska ta kwashe. Yaɓen ƙasa yana barin laimar ta wuce. Siminti da fenti mai mai suna tare ta, sai ta taru a baya, ta ture shafen, ta sami 'yar kafa ta fito cikin ɗaki ta zauna. Daga baya na tambayi majo, babban ma'aikacin gidan likitar unguwarmu, ko laima da baƙin ɗigon nan suna sa yaro tari. Ya ce suna tayar da shi sosai ga mai raunin ƙirji, amma ba zai rantse mini cewa su kaɗai ne suka sa naki ba. Ni ma ba zan rantse ba. Sai dai da na fito daga wurinsa na zauna a gindin wata bishiya na yi kuka, ina tuna yadda nake hawa turmi ina danna tsumma da ƙarfina. Ba na son ki yi irin wannan zaman wata rana.

Ra'ayina shi ne a fasa simintin nan duka, a fitar da shi, a bar duwatsun tsirara su sha iskar rani. Ku roƙi Baffa ya ba ku wani ɗaki na ɗan lokaci, kuma ranar fasawa ki ɗauke yaron ki kai shi can nesa, ƙurar ba ta yi masa ba. Kada a yi gaggawa. In bango ya bushe har cikin lakarsa, a yaɓe shi da jar ƙasa da yashi da ƙaiƙayin gero, a bar kwaɓin ya kwana biyu ya ruɓa kafin a shafa. Gwaggonki Hajo ta taya Iya yaɓen farko tana budurwa. Idonta ya yi rauni amma hannunta bai manta ba, ki zaunar da ita kusa da kwaɓin ta riƙa taɓawa tana gaya muku. In kuna son haske, a bi da farar ƙasa, a jiƙa ƙaro a zuba a ciki don kada ta riƙa bin tufafi ko ta yi ƙura. Ba zai yi ƙyalli ba, kuma duk shekara ko biyu sai kin sake bi. Wannan wahalarsa ke nan, na gaya miki tun yanzu.

Akwai abubuwan da har yau ban sani ba, kuma ina so in sani kafin in mutu. Me ya sa bangon gabas ya fi sauran jiƙewa? Ruwan sama ne da ke bugunsa, ko akwai wata jijiyar ruwa a ƙarƙashinsa? An ce farar ƙasa ta kanti, wadda ake jiƙawa ta yi zafi, ta fi tamu hana baƙin ɗigo, ban taɓa gwadawa ba. An ce ruwan makuba, na kwasfar ɗorawa, yana ƙara wa yaɓe ƙarfi, to ko shi ma yana tare laima kamar fenti? Ki gwada kowanne a ɗan wuri, faɗin faifai, can ƙasa inda kanwa take fitowa, ki bar su ki ga wanda ya yi. Sannan in an fasa simintin, ki leƙa mini ko sauran yaɓen Iya yana nan a ƙarƙashi, ko na kashe shi gaba ɗaya. Wanda ke kusurwar arewa dai kada kowa ya taɓa shi, ko da farar ƙasa.

Saura maigidanki. Kada ki ce masa Inna ta ce, za ki sa shi jin kunyata, ni ma ki sa ni jin tasa. Mutum ne mai son ya gane abu da kansa, na lura da yadda yake kwance rediyon babanki. Ki kai shi kusurwar arewa ki ce ya ɗora hannu nan, ya ɗora can, ki tambaye shi ko me ya sa. In ya ga dama ki ba shi labarin tulu, ya gwada da 'yan ajinsa. Simintin da ya saya ba zai yi asara ba. A yi magudana da shi a ƙarƙashin indararo ruwa ya riƙa tafiya nesa da gindin bango, a gyara makewayi, in ya rage a yi dakali. Shuɗin fentin kuma a shafa wa ƙofa da tagogi, zai yi kyau a jikin farin bango. In duk da haka ya dage, kada ki yi faɗa da shi a kan bango. Ki kira ni, zan ajiye kunyar in zo in faɗa masa da bakina, ko da zan yi maganar ina kallon ƙasa.

Ko an gyara ɗaki, in kin ji numfashin yaron ya canza ki kai shi gidan likita a ranar, kada ki tsaya jiran zumar kowa.

Na ji maigidanki yana cewa zai yi noma a can, ba za ku taho hutu ba. To ga abin da nake roƙo. Baɗi in Allah ya kai mu, idan malka ta yi, an kwana biyu ana ruwa, ki jira angona ya yi barcin rana a cikin ɗakin. Ki kira ni. Ba sai kin gaishe ni ba, na yafe gaisuwar. Ki kanga wayar kusa da ƙirjinsa ki yi shiru, ni zan saurara. Na san abin da nake nema, kuma ina roƙon Allah kada in ji shi.

Allah ya tsare ku a sabon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya ba maigidanki haƙurin 'ya'yan mutane. Allah ya raya mini angona, ya buɗe ƙirjinsa. Allah ya jiƙan Iya da kakanki.

Ni ce mahaifiyarki,
daga Filinge.